Ruwan bama-bamai a kan Jamus (1942-1945): mahawarar amfani da halacci, da kalmomin da ake yin ta da su

1. Gabatarwa

Ranar 1 ga Nuwamba 1911 wani matuƙin jirgi ɗan Italiya, Giulio Gavotti, ya jefa ƙananan bama-bamai da hannunsa a kan sojojin Turkiyya kusa da Tarabulus ta ƙasar Libiya. Tun daga ranar nan tambayoyi biyu ke biye da yaƙin sama. Ta farko: shin yana kawo nasara? Ta biyu: shin ya halatta? Bisa al'ada sojoji da masana tattalin arziki su ke riƙe da ta farko, malaman addini da na shari'a kuma su riƙe ta biyu, kamar babu abin da ya haɗa su.

A cikin wannan ƙasida za mu ɗauki misali guda, wato hare-haren da Ingila da Amurka suka kai wa Jamus daga 1942 zuwa 1945, sabili da babu wani yaƙin sama da aka bincika kamarsa. Za mu nuna cewa tambayoyin biyu suna komawa ne ga guda: mi aka nufa da bam ɗin? Daga nan za mu duba yadda harshe ke ɓoye amsar wannan tambaya, cikin takardun wancan zamani, cikin faransancin kamfanonin labarai, da kuma cikin hausa. Batun ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye, tunda galibin masu jin hausa ta bakin mai fassara a rediyo suke samun labarin yaƙi.

2. Abin da ya faru

2.1. Tunanin da aka shiga yaƙi da shi

A shekara ta 1921 wani janar na Italiya, Giulio Douhet, ya wallafa littafi kan mallakar sararin sama. Ra'ayinsa shi ne jirgi na iya tsallake fagen daga ya faɗa wa birane, jama'a su firgita, su tilasta wa magabatansu su miƙa wuya, yaƙi ya ƙare cikin ƴan kwanaki. A ganinsa hakan ya fi shekaru huɗu na ramukan yaƙin 1914-1918 sauƙin hasara. Kafin a gwada wannan tunani a kan manyan biranen Turai, an gwada shi a kan mutanen da ake mallaka: Ingila a Iraƙi cikin shekarun 1920, Faransa da Spaniya a yankin Rif na Maroko, Italiya a Habasha a 1935-1936.

2.2. Daga masana'anta zuwa unguwa

Da farkon yaƙin duniya na biyu rundunar jiragen bam ta Ingila tana neman masana'antu ne da cibiyoyin soja. Da rana jiragen Jamus na kakkaɓo ta, sai ta koma kai hari da dare. Cikin watan Agusta 1941 wani bincike da aka yi bisa hotunan da jiragen ke ɗaukowa, wanda aka sani da rahoton Butt, ya nuna cewa daga cikin jiragen da suka ce sun kai hari, ɗaya bisa uku kawai ya isa cikin tazarar kilomita 8 daga wurin da aka aike shi. A yankin masana'antu na Ruhr kuwa, ɗaya bisa goma ne.

Tunda ba a iya samun masana'anta cikin duhu, sai aka zaɓi abin da ba ya ɓacewa, wato gari baki ɗaya. Umurnin 14 ga Fabrairu 1942 ya ce abin da za a sa gaba shi ne ƙarfin gwiwar fararen hular abokan gaba, musamman ma'aikatan masana'antu. Cikin wannan watan aka ɗora Arthur Harris bisa rundunar, shi kuwa ya riƙe wannan manufa har ƙarshen yaƙi. Amurkawa sun ce su da rana za su kai hari, a kan wurare zaɓaɓɓu. Amma a lokacin hazo da gajimare, bambancin aikinsu da na Ingilishi bai taka kara ya karya ba.

2.3. Hamburg da Dresden

Daga 24 ga Yuli zuwa 3 ga Agusta 1943 aka yi ta jefa wa Hamburg bama-bamai masu fasa gini da masu tada gobara. Daren 27 zuwa 28 ga Yuli gobarorin suka haɗe suka zama guda, zafinta na jawo iska kamar guguwa. Da yawa daga waɗanda suka mutu cikin ɗakunan ɓuya na ƙarƙashin ƙasa suka shaƙe. An ƙiyasta mamatan kusan dubu 40, kuma mutum wajen miliyan guda suka fice daga birnin. Dresden ta sha irin haka daga 13 zuwa 15 ga Fabrairu 1945, ƙasa da wata uku kafin ƙarshen yaƙi. An daɗe ana yaɗa adadi masu yawan gaske game da ita, har wani kwamitin masana tarihi da birnin ya kafa ya kammala a 2010 cewa mamatan ba su wuce dubu 25 ba.

Ƙiyasin fararen hular da suka mutu a Jamus baki ɗaya ya kama daga dubu 350 zuwa dubu 600, gwargwadon mai lissafi. Masu kai harin su ma sun biya: rundunar Harris ta rasa ƴan jirgi 55.573 daga cikin kimanin dubu 125. A Faransa, ƙasar da aka zo ƴantawa, bama-baman ƙawance sun kashe fararen hula kusan dubu 60.

3. Tambayar amfani

3.1. Ƙarfin gwiwa

Abin da Douhet ya yi hasashe bai auku ba. Jamusawa sun gaji, sun firgita, da yawa sun yanke ƙauna daga nasara, amma ba su tayar wa Hitila ba. Dalilan a fili suke. Wanda aka ƙone wa gida abinci da makwanci yake nema, kuma hukuma ce ke raba su, ke nan dogaronsa gare ta ƙaruwa yake yi. Bayan haka, a ƙasar da ƴan sandan ciki ke kashe mutum kan magana guda, ɓacin rai ba ya da hanyar zama tawaye. Abin mamaki shi ne Ingila ta riga ta ga haka a gida: hare-haren Jamus daga Satumba 1940 zuwa Mayu 1941 sun kashe mata fiye da mutum dubu 40, ba ta kuwa durƙusa ba. Magabatanta sun ɗauka cewa abin da mutanensu suka jure, Jamusawa ba za su jure shi ba.

3.2. Ƙera makamai

Tsakanin farkon 1942 da Yuli 1944 yawan makaman da Jamus ke ƙerawa, ƙarƙashin minista Albert Speer, ya ninka kusan sau uku. Hamburg kanta, cikin ƴan watanni yawancin masana'antunta sun koma aiki. A kan irin waɗannan alƙaluma ne kwamitin binciken da Amurka ta kafa a ƙarshen 1944, wanda masanin tattalin arziki John Kenneth Galbraith ya yi aiki cikinsa, ya nuna shakka game da amfanin ƙona birane.

Sai dai masu kare hare-haren suna da amsa, kuma ba a iya watsar da ita. Suna cewa abin dubawa shi ne abin da Jamus za ta ƙera da ba a taɓa ta ba. Masanin tarihi Adam Tooze ya nuna cewa hare-haren da aka kai wa Ruhr a 1943 sun tsayar da bunƙasar ƙera makamai na tsawon watanni. Richard Overy kuma ya jawo hankali ga dubban bindigogin kakkaɓo jirage, da ɗaruruwan dubban mutane, da galibin jiragen farauta da Jamus ta tsare a gida don kare sararinta, alhali ana bukatarsu a fagen Rasha.

3.3. Mai da layin dogo

Inda kusan kowa ya yarda shi ne a kan hare-haren da aka fara cikin Mayu 1944 a kan masana'antun mai. Bisa lissafin kwamitin Amurka, man jirgin sama da Jamus ke samarwa ya faɗo daga tan dubu 175 a watan Afrilu zuwa tan dubu 5 a watan Satumba. Jirage sababbi suka zauna a ƙasa, horar da matuƙa ta tsaya, tankoki suka rasa abin tafiya. Daga kakar wannan shekara kuma aka karya layukan dogo da hanyoyin ruwa, gawayin Ruhr ya kasa isa ga masana'antu. Abin lura shi ne Harris ya yi ta jan ƙafa game da harin mai, yana ganin ɓata lokaci ne.

A taƙaice, bam ya yi tasiri sosai inda aka nufi kayan da soja ke yaƙi da su, ya yi tasiri kaɗan inda aka nufi zukatan jama'a. Masanin siyasa Robert Pape, cikin littafinsa na 1996 da ya kwatanta yaƙoƙin sama na ƙarni na 20, ga wannan matsaya ya isa: azabtar da jama'a ba ya sa gwamnati miƙa wuya, hana wa soja hanyar cin nasara shi ke iya sawa.

4. Tambayar halacci

4.1. Hujjojin ɓangarori biyu

Masu goyon baya sun kawo hujja uku. Ta ɗaya, Jamus ce ta fara, a Warso, Rotterdam da Coventry. Ta biyu, ma'aikacin da ke ƙera harsashi yana cikin yaƙi ko da bai sa kaki ba. Ta uku, duk abin da ya gajarta yaƙi ya ceci rayuka, har da na waɗanda ake halakawa a sansanonin Nazi.

Tun ana cikin yaƙin aka samu masu ja. Ranar 9 ga Fabrairu 1944 George Bell, babban limamin cocin Chichester, ya tashi a Majalisar Dattawan Ingila ya ce ya yarda da kai hari kan cibiyoyin soja da masana'antu, amma shafe gari dungum ya fita daga iyakar da yaƙin adalci ya yarda da ita. Ga hujja ta ɗaya, amsar ita ce jaririn Hamburg bai jefa komi a kan Coventry ba. Ga ta biyu, gobara ba ta tantance gidan maƙerin harsashi daga na mai gasa burodi. Hujja ta uku kuwa ta dogara kacokan a kan amfani: idan ƙona birane bai gajarta yaƙi ba, to ta rushe. A nan ne tambayoyin biyu suka haɗu. Michael Walzer, cikin littafinsa na 1977, ya yarda cewa a 1940-1941, lokacin da Ingila ke ita kaɗai gaban Hitila, ana iya kawo uzurin matsananciyar larura. Amma mafi yawan mamatan Jamus sun mutu ne bayan larurar ta wuce.

4.2. Niyya

Tsohuwar ƙa'ida a falsafar kirista, wadda ake danganta asalinta ga Thomas d'Aquin, ta raba cutar da aka nufa da cutar da aka hango ba a nufe ta ba. Masu karatun fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba. Wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar Sham, wadda ke cikin Muwaɗɗa, ta hana kashe mata, yara da tsofaffi. Malamai kuma sun tattauna hukuncin harba manjaniƙ, wato majaujawar yaƙi, a kan ganuwar da ke da mata da yara a ciki, suka gindaya sharuɗɗa na larura da na rashin nufarsu. A duka al'adun biyu, niyya ce ginshiƙi. To umurnin Fabrairu 1942 ya fayyace niyya: jama'ar ce abin hari.

4.3. Doka

A 1923 masana shari'a da suka taru a La Haye sun tsara ƙa'idojin yaƙin sama da suka hana jefa bam don firgita fararen hula, amma ƙasashe ba su amince da su ba. Kotun Nuremberg ba ta hukunta kowa a kan jefa wa birane bam ba, tunda masu shari'ar sun yi irinsa. Sai a 1977 Ƙarin Yarjejeniya na ɗaya ga yarjejeniyoyin Janeba ya rufe giɓin. Aya ta 51 ta hana harin da babban nufinsa firgita jama'a ne, ta hana ɗaukar cibiyoyin soja da ke warwatse cikin gari a matsayin abin hari guda, ta hana ramuwar gayya a kan fararen hula, ta kuma hana harin da ɓarnarsa ga jama'a ta zarce ribar soja da ake tsammani. Ingila ta tabbatar da shi a 1998, Faransa a 2001.

5. Kalmomi

5.1. Cikin takardun yaƙin

Da niyyar ta kasance abin da ake iya faɗa a bainar jama'a, da ba a bukaci sababbin kalmomi ba. A ƙarshen Maris 1942 mashawarcin Churchill kan kimiyya, Lord Cherwell, ya rubuta takardar da ta shahara da kalma mai nufin «raba da gida». Karɓau a nan gida ne. Mutumin da ke kwance cikinsa ƙarfe ɗaya na dare ya ɓace daga jimlar. Haka «ƙarfin gwiwa»: suna ne na abin da ba ya da jiki, ba ya zubar da jini. A majalisa ministan jiragen yaƙi ya ci gaba da cewa cibiyoyin soja ake nema. Harris da kansa bai ji daɗin wannan rufa-rufa ba: cikin Oktoba 1943 ya nemi a fito fili a ce manufar ita ce rusa birane da kashe ma'aikata. Ba a biya masa bukata ba. Ranar 28 ga Maris 1945, bayan Dresden, Churchill ya rubuta wa hafsoshinsa cewa lokaci ya yi da za a sake duba jefa bam don ƙara firgici kawai, ko da an fake da wasu dalilai. Hafsoshin suka nuna ɓacin rai, ya janye takardar, ya aiko da wata ranar 1 ga Afrilu wadda babu kalmar firgici a ciki.

5.2. Cikin faransancin labarai

Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya yaɗa wasu kalmomi da har yau ke iso wa mai fassara. «Frappe chirurgicale» ta aro sifar likita mai fiɗa, wanda ke yanka don warkarwa. Alhali makamai masu linzami ba su kai kashi 10 bisa 100 na nauyin bama-baman da aka jefa a wannan yaƙi ba. «Dommages collatéraux» ta haɗa mutum da bango cikin suna guda, «ɓarna», ta kuma ajiye su a gefe. Ranar 13 ga Fabrairu 1991 bama-bamai biyu masu linzami sun sami maɓoyar Amiriya a Bagadaza daidai inda aka saita su, suka kashe fiye da mutum 400, galibi mata da yara. Ke nan daidaiton makami ba ya gyara kuskuren wanda ya zaɓi wurin. «Bavure» asalinta ɗigon tawada ne da ya ɓata takarda. «Neutraliser» kuwa ba ta faɗa ko an kashe, ko an raunata, ko an kama.

5.3. Cikin hausa

Kada mu ɗauka hausa ta kuɓuta daga wannan. Tana da nata hanyoyin, a nahawu da kuma a kalmomi. Mu dubi jimlolin nan:

(1) a. Jiragen Ingila sun kashe mutum kusan dubu 40 a Hamburg.
b. An kashe mutum kusan dubu 40 a Hamburg.
c. Harin ya rutsa da mutum kusan dubu 40.
d. Mutum kusan dubu 40 sun rasa rayukansu.
e. An yi hasarar rayuka.

A (1a) akwai aikau, aikatau so-karɓau da karɓau. A (1b) wakilin suna «an» ya share aikau, amma aikatau «kashe» na nan yana nuna da hannun wani. A (1c) hari ne ya zama aikau, kuma «rutsa da» na ba da ma'anar tsautsayi, kamar wanda ruwa ya tarar a hanya. A (1d) mamatan sun hau gurbin aikau, kamar su suka yi sakaci da abinsu. A (1e) babu mai yi, babu wanda aka yi wa, babu adadi. Jimlolin biyar duka gaskiya ne, amma (1a) kaɗai ke ba mai sauraro abin da zai yi hukunci da shi. Haka aikatau ƙi-karɓau ke aiki a (2b):

(2) a. Sun ƙone unguwar.
b. Unguwar ta ƙone.

Ta fuskar kalmomi, hausa na da siffantawa biyu da ake musanyawa kamar ma'anarsu ɗaya. «Ruwan bama-bamai», wadda mu ma muka sa a kan wannan ƙasida don ita aka saba ji, ta ɗauko hoton abin da ke saukowa daga sama ba da hannun ɗan Adam ba, wanda ba a tuhumar kowa a kansa. «Luguden wuta» ta fito daga bakin turmi, inda mata biyu ko uku ke sauke taɓare bi da bi: akwai masu yi, akwai nufi, akwai maimaitawa. Ga abin da aka yi wa Hamburg dare da rana, ta biyun ta fi dacewa. Ita ma «farar hula» tana da nata rauni: hula suturar namiji ce, hoton da take kawowa na magidanci ne, alhali a garin da mazansa ke fagen daga, mata, yara da tsofaffi ne suka fi yawa a ƙarƙashin bam.

6. Kammalawa

Misalin Jamus ya nuna cewa kalma guda, «bombardement», ta rufe ayyuka biyu mabambanta. Wanda aka nufi mai da layin dogo da shi ya taimaka ƙwarai wajen karya sojan Hitila, kuma ana iya kare shi, ko da yake shi ma ya kashe bayin Allah da ba su ji ba su gani ba. Wanda aka nufi unguwanni da shi ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, bai kawo tawayen da aka yi alkawari ba, kuma dokar 1977 ta haramta irinsa. Ba a iya raba su sai an san wa ya jefa, mi ya nufa, wa ya samu.

Daga nan muke ba masu fassara da ɗalibanmu shawara uku. Ta farko, inda majiya ta ambaci aikau, a bar shi a gurbinsa, kada a mayar da shi «an». Ta biyu, kalmomi irin su «neutraliser» da «dommages collatéraux» a danganta su ga mai faɗarsu («rundunar ta ce...»), sannan a faɗi abin da aka tabbatar da hausa tsantsa: an kashe, an raunata, mutum nawa, su wane ne. Ta uku, «bisa kuskure» da'awa ce da ke jiran bincike, saboda haka ita ma a faɗi mai ita.

Batun bai yi nisa da mu ba. Cikin Fabrairu 2022 gwamnan jihar Maraɗi ya bayyana cewa wani harin sama na sojan Najeriya, da ke farautar ƴan bindiga a bakin iyaka, ya kashe yara 7 ya raunata 5 a ƙauyen Nachadé na gundumar Madarunfa. Iyayen waɗannan yara da maƙwabtansu da hausa suka ji labarin a rediyo. Mai fassarar da ke gaban makirfo a irin wannan rana yana da jimloli biyar na (1) a hannunsa, kuma wadda ya zaɓa ita za ta nuna ko akwai wanda za a tambaya.